Motar Langa-Langar Mutumin Gabon

Aikina ɗaukar dila ne a kasuwar Missèbo. Dilar gwanjo nake nufi, wadda ake saukewa daga kamyo, babbar motar kaya, a ɗora wa mutum a wuya ya kai ta butik, wato kanti, a yanke ɗaurinta kaya su kumbura su cika ɗaki. Tun ina saurayi nake yi, yanzu gwiwar dama ta fara ƙi. Sunana Kassoum. Labarin ba nawa ba ne, na wani mutum ne da ya sauka Zongon Kwatano daga Gabon da jaka ɗaya, unguwa ta karɓe shi da sunan Labaran ɗan Inna Housseina.

Sai na fara daga yarinta, in ba haka ba ba za a gane abin da na gani ba.

Muna yara, da ƙarfe ake ɗaure dila. Siririn ƙarfe ne mai faɗin yatsa, mai kaifi ta gefe biyu, langa-langa muke ce masa. Yanzu yawanci da roba ake ɗaurewa, robar da ko akuya ba za ta riƙe ba. Ranar buɗe dila yaran Zongo mukan tsaya bakin butik, ana yanke ɗaurin mu rufar masa, mai tsautsayi ya koma gida da jini. Da shi muke ƙera mota. Mu lanƙwasa shi da dutse a bakin dakali, mu ɗaure gaɓoɓin da robar cikin tayar keke, mu gasa bakin gwangwanin madara a murhun wata uwa mu danna shi kan tsohon silifa ya fitar da taya. Sai doguwar sanda da ake maƙalawa a gaba, kana tafe kana turawa. Akwai wasu wasannin. Muna gare da tsohuwar taya har bakin gada. Muna ƙwallon murfin kwalba a yashi, kowa da 'yan wasansa a aljihu, mai tsaron gida a cika shi da kwalta don ya yi nauyi. Muna faɗawa ruwa bayan kasuwar Dantokpa mu dawo ido jajir a zane mu. Amma waɗannan duk na cike lokaci ne. Mota ita ce mutunci. Yaron da ba shi da mota ɗan kallo ne.

A cikinmu akwai biyu da ba sa rabuwa, Chérif da Labaran.

Chérif maraya ne, yana hannun wani kawunsa wanzami. Ba shi da magana, ba shi da takalmi, amma motarsa ba irin tamu ba ce. Tamu in za ta sha kwana sai ka ɗaga gabanta ka ajiye ta inda kake so. Tasa kuwa murɗa sandar kawai yake, tayoyin gaba su karkata da kansu kamar na motar gaske. Yadda yake haɗa wannan gaɓar babu wanda ya taɓa gani. Zai ƙera komai a gabanmu, da ya zo wurin sitiyari sai ya juya mana baya, ya duƙa, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari, kai a ƙasa. Kafin ya juyo ya riga ya naɗe wurin da roba har ya yi dunƙule. Mun roƙe shi, mun zage shi. Kamarou, wanda yanzu yake tuƙa zemijan, babur ɗin haya, har naman Sallarsa ya ba shi. Ya cinye naman, ya juya baya.

Labaran kuwa ɗan gata ne, shi kaɗai ne namiji wurin Inna Housseina mai masa. Ranar farko da ya taɓa langa-langa ta tsaga masa tafin hannu, Inna ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya tana faɗa. Daga ranar ko a ƙasa ya ga ƙarfen tsallake shi yake. Abin da Allah ya ba shi baki ne. Yakan yi kukan kamyo mai kaya tana hawa gada, ya sauya giya, ya taka birki har ka ji iskar tana fita. Shi ya sa muke ce masa Shofer. Chérif ya ƙera, Labaran ya tuƙa, ladan kuma masar Inna ce da yake ɓoyowa a cikin riga.

Ba mu kai ga fitar gemu ba wani mutum ya zo unguwa yana tara yara, wai akwai aiki a Gabon, za a ɗan jima a dawo da keke da rediyo. Ni babana ya hana. Su biyun suka tafi ta ruwa. Farko-farko akan sami mai dawowa ya ce ya gan su wajen masu yankan katako, daga baya shiru. Kawun Chérif ya mutu, ɗakinsa ya zama butik ɗin sayar da waya. Inna ta ci gaba da suyar masa har idonta ya tafi. Ƙanwar Labaran, Zouliha, wadda ya bari tana tatata, ta girma, ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo gidan da 'ya'yanta. Da rana tana sayar da atamfa, ta dawo ta yi wa tsohuwa wanka ta ba ta abinci a baki.

Gidan na Inna ne, gadon ubanta. Tsohon gini ne, amma yana bakin hanya, duk ɗan kasuwar da ke neman sito ya san ƙofarsa.

Zouliha ce ta same ni a Missèbo ina zaune kan dila ina murza gwiwa.

"Yaya Kassoum, an ce yayana ya dawo."

"An ce, ko ya dawo?"

"Shi na zo tambayarka. Mutum ne ya yi sallama jiya da hantsi. Inna ta ce wane ne, ya ce daga Gabon yake. Bai ƙarasa ba ta miƙe, ita da sai an ɗaga ta. Ta shafa fuskarsa ta fashe da kuka tana kiran Labaran. Yau ta sa an kira dattijai ta gaya musu ga ɗanta."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce na'am."

Ta gyara mayafi ta dube ni. "Ni ban san fuskarsa ba. Ku kuka yi wasa tare. In shi ne, alhamdu lillahi. In ba shi ba ne, ranar da Inna ta cika namiji kashi biyu zai ɗauka, a sayar da gidan a kanmu, ni da yara mu koma ina?"

Na ce zan gani.

Da la'asar muka haɗu wurin mai shayi, tsofaffin 'yan langa-langa da suka rage. Mutumin dogo ne, ya rame, kai duk furfura, haƙoran gaba sun zube. Na rabu da yaro, ga tsoho an kawo mini. Da muka gaisa na riƙe hannunsa na ɗan jima ina lalubar tsohon yankan nan na tafin hannu. Aikin banza. Hannun da ya yi shekaru yana jan gungume, tabo ya hau tabo.

Kamarou bai jira komai ba, ya rungume shi har hular kwanonsa ta faɗi.

"Shofer! Ɗan banza, kai ne ka tsufa haka? Tsaya, tsaya. Wa ya faɗa kwata ranar Sallah da sabuwar riga?"

"Kai ne, kana bin taya."

"Wallahi shi ne! Wa ke da murfin kwalba mai tsaron gida da ba a taɓa ci ba?"

"Kassoum. Har dalmar batir ya narka a ciki, muka ce haram ne."

Aka kwashe da dariya. Haka suka yi ta yi. Ya tuna tsohuwar da ke watsa mana ruwa in mun gasa gwangwani a murhunta. Ya tuna ranar da muka jera motoci muka yi wa 'yar tsanar ƙanwar Kamarou rakiyar amarya har gidan liman. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ni kaina na ji daɗi, don an daɗe ba wanda ya ambaci waɗannan abubuwa. Sai dai na san abu ɗaya. Duk ɗan Zongo sa'anmu ya san wa ya faɗa kwata. Amsoshin nan sun nuna a lungunmu ya tashi, ba su nuna ɗan wace ce ba.

Kamarou ya buga cinyarsa. "To tayar mana da kamyo. Hau mana gada!"

Mutumin ya buɗe baki ya nuna giɓi. "Da wane haƙori? Ƙurar katako ma ta cinye maƙogwaron."

Na ce, "Ina Chérif?"

Ya dubi kofin shayinsa. "Chérif ya rasu. Gungume ya kuɓuce ya danne shi a daji. Ni na sa shi a rami."

Kamarou ya ɗaga hannu, muka yi wa Chérif fatiha, shi ma mutumin ya shafa.

Zouliha ta tare ni washegari. Na ce ban sani ba tukuna. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Na ce ita nake da ita.

Na sa masa ido. Gaskiya bai zauna ba. Kwana kaɗan ya sami pus-pus, amalanken turawa, yana jigilar buhunan masara a Dantokpa. Ya hau rufin gidan ya toshe inda ke yoyo. Kullum da safe shi ke ɗauko Inna a hannu ya ajiye ta a rana, ya zauna yana yanke mata farce. Tsohuwar da ta daina cin abin kirki ta koma neman ƙari. Mutane suna cewa ɗa na gari ya dawo. Ni kuwa na ce a raina, wanda ke jiran gida ma zai gyara rufinsa. Kuma sau biyu na gan shi a ƙofar gidan tare da wani alhaji mai sayen tsofaffin gidaje, alhajin yana magana yana nuna bango da makullin motarsa, shi kuma yana sauraro.

Ana nan damina ta yi nisa, wata rana aka sauke dila a butik ɗin da nake wa aiki, na duba na ga da ƙarfe aka ɗaure ta. Na daɗe ban ga haka ba. Da aka yanke na naɗe langa-langar na sa a buhu. Na nemo tsohon silifa, da robar taya, da gwangwani, da murfin kwalba, da ƙusoshi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na zazzage su a dakalin gidan Inna, inda shi da Kamarou suke shan inuwa.

Kamarou ya yi ihu kamar an ba shi kujerar Makka. Ya tuɓe rigar Juma'a, ya samo dutse, ya fara bugu. Ni dai mutumin nake kallo. Labaran da na sani ja da baya zai yi, ya naɗe ƙafa, ya ce ku ƙera ni in tuƙa.

Ya ja da bayan kuwa. Ya sa hannuwansa a ƙarƙashin cinya ya zauna a kansu. Kamarou yana ta ɓarna, ya lanƙwasa nan ya karya can, abin da ya fito ya fi kama da tarkon ɓera.

"Wannan kamyo ce," in ji Kamarou.

"Wadda ta faɗo daga gada," na ce.

"Kai ka yi mana, mai wuyan dila."

Ya sake ɗaga dutse zai buga a inda bai kamata ba. Sai mutumin ya ce, "Kai, kawo nan, kana kashe ƙarfe."

Ya karɓa. Bai auna komai ba. Ya dafa ƙarfen a bakin dakali, bugu ɗaya kwana ɗaya. Ya ja roba da haƙoran gefe ya naɗe. Ya aika cikin gida aka gasa gwangwani, ya fitar da tayoyi huɗu kamar a injin aka yanka. Kamarou yana ta tafi yana cewa Gabon ta koya wa Shofer sana'a. Ni ma na ce a raina, zai yiwu. Mutum ya yi shekaru tare da Chérif, zai iya koya. Tsoron ƙarfe ma yana fita in yunwa ta shiga.

Sai ya zo wurin sitiyari. Ya ɗauki murfin kwalba da ƙusa. Babu wanda ya matsa kusa da shi, babu wanda ya leƙa. Tsoho mai furfura, a ƙofar gida, da rana tsaka, ya juya mana baya, ya duƙa, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari, kai a ƙasa.

Ana iya koya wa mutum haɗa sitiyari. Amma wannan duƙawar ba koyonta ake ba. Na sha kallon bayan nan ina yaro ina jin haushi, na san shi fiye da fuskar mai shi.

Ya juyo da wurin a naɗe, ya murɗa sanda, tayoyi suka karkata. Kamarou ya karɓe ya ruga lungu da ita, ƙato da tumbi, mata suna dariya. Da ya gaji na ce a ba ni in ajiye, tunda ƙarfena ne. Na sa ta a buhu.

Washegari na bar aiki na tafi Dantokpa. Na same shi ta bakin ruwa, ya ɗora buhuna yana turawa cikin cunkoso. Na bi bayansa, ban ɗaga murya ba.

"Chérif."

Bai waiwayo ba. Amma pus-pus ɗin ta tsaya, har mai zemijan da ke bayansa ya zage shi. Ya tura ta gefe, ya sa dutse a taya, ya zauna kan hannunta.

"Bayan ne, ko?" ya ce. "Ina juyowa na san na yi."

"Ina Labaran?"

"Inda na ce Chérif yake. Gungumen gaskiya ne, ramin gaskiya ne. Ba mu daɗe da zuwa ba abin ya faru."

"Shekara nawa ke nan, ba ka aiko ba?"

"In aiko in ce me? Ni na ce masa mu tafi. Da ƙarfi ya ƙare na ce bari in zo in gaya mata da bakina, in ga Zongo, in mutu a inda aka san ni. Na yi sallama, ta kama fuskata. Kassoum, kai ka taɓa jin tsohuwa tana kuka a wuyanka? Na buɗe baki in ce ba shi ba ne, na ji na ce na'am."

"Wannan ranar farko ke nan. Sauran ranakun fa? Ka zauna muka yi maka fatiha kana shan shayi."

"Ɗaya daga cikinmu yana ƙasa. Kun tambaya, dole in ba da suna."

"Alhajin da ke auna bango fa?"

"Shi ke zuwa. In kore shi?"

"Da ka kore shi."

Ya juya yana kallon kwale-kwale. Can ya ce, "Ba na son gidan. Ka bar ta ta cika da ɗanta a kusa. Ranar da aka zauna rabo, ni da bakina zan faɗa. Na rantse maka."

Na ce na ji. Na sha jin rantsuwa a Missèbo, kowace safiya ana yi kafin a buɗe dila.

Ban kwana da maganar ba, na gaya wa Zouliha a rumfarta. Ta ajiye almakashi, ta miƙe, ta ce yau zai bar gidan. Na bi ta. Muna shiga tsakar gida muka tarar ya dawo, Inna tana jingine da shi, tana ba shi labarin ranar da ta haife shi, yadda ruwa ya cika lungu har ungozoma ta zo a goye. Yana ba ta koko da cokali yana cewa, "Sai kuma me, Inna?" Zouliha ta tsaya bakin ƙofa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da babban mayafi ta rufe kanta da kafaɗunta, a cikin gidansu, a gaban wanda ake ce wa yayanta. Ya ɗaga ido ya gani, ya sunkuyar da kai. Da yamma ta fitar da tabarmarsa zuwa zaure.

"Me ya sa za ki kai mini ɗa zaure?" in ji Inna.

"Ɗakin da zafi, Inna. Shi ya ce."

"Ni na ce," in ji shi.

Daga baya Zouliha ta tambaye ni ko mu je wurin liman tun yanzu. Na yi tunani. In muka je, kafin magariba maganar ta zagaya ta shigo kunnen Inna. Kuma mu ce me? Uwa ta shaida ɗanta gaban dattijai, unguwa ta shaida, ni kuma in zo in ce na ga bayansa yana wasan yara. In ya musa, dariya za a yi mini. Zouliha ta gane haka sarai. Ta zaɓi uwarta ta mutu da daɗin rai, ta bar rufin 'ya'yanta a kan rantsuwar mutumin da ya riga ya yi mana ƙarya. Ni ban ce mata ta yi daidai ba. Na ce motar tana wurina.

Watannin nan ba su yi mini daɗi ba. Ya ci gaba da ɗauko Inna yana kai ta rana, alhajin ya ci gaba da zuwa gaisuwa, har da ledar lemo. Duk wanda ya kira shi Labaran amsawa yake, kuma na lura amsawar tana ƙara yi masa sauƙi. Zouliha ta rame. In mun haɗu da shi a hanya mukan gaisa, ya dubi ƙasa, ni in dubi shi.

Inna Housseina ta cika gab da azumi, da hantsi, kanta a cinyarsa. Shi ya kama gaban makara. A maƙabarta da aka ce ɗanta ya shiga ya karɓe ta, ya shiga. Na tsaya a bakin ramin ina kallonsa, na ce a raina, in zai faɗa ai ga wuri. Bai faɗa ba.

Bayan sadakar bakwai aka zauna a zauren gidan. Liman, dattijai, mu abokan wasa, Zouliha daga bayan labule. Alhajin ma ya zo, wai ta'aziyya, ya zauna bakin ƙofa. Ni na zo da buhuna na ajiye tsakanin ƙafafuna. Ban san abin da zan yi da shi ba. Na dai san in aka kai ga sa hannu zan zazzage shi a tsakiyar tabarma, a yi dariyar a gama.

Liman ya yi addu'a, ya ce marigayiya ta bar 'ya'ya biyu, namiji da mace. Ya dubi mutumin. "Malam Labaran, haka ne?"

Mutumin ya ƙura wa tabarma ido har wani dattijo ya yi gyaran murya. Na sunkuya na kwance bakin buhun, sandar motar ta leƙo. Na ga idonsa ya sauka a kanta.

"Malam, a cire ni," ya ce. "Ni Chérif ne, na gidan wanzami. Labaran yana kwance a Gabon tun muna samari. Ba ni da ko bulo ɗaya a gidan nan."

Zauren ya kaure. Wani yana salati, wani yana cewa a kira jandarma. Alhajin ya nemi takalminsa. Kamarou ya miƙe tsaye yana nuna shi da yatsa, hawaye na zuba.

"Kai! Chérif! Naman Sallata bai ishe ka ba sai ka haɗa da fatihata? Maido mini fatihata!"

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya yi wa Chérif faɗa mai zafi, ya ce jingina kai ga iyayen da ba naka ba ba ƙaramin abu ba ne, ya je ya nemi gafara. Sannan ya ce akwai mamacin da Zongo ba ta yi wa addu'a da sunansa ba. Muka ɗaga hannu muka yi wa Labaran. Daga bayan labule na ji Zouliha tana kukan yayan da ba ta san fuskarsa ba.

Yadda malamai suka yi da kason dangin Inna na nesa ba nawa ba ne. Gidan dai ba a sayar ba, Zouliha da 'ya'yanta suna ciki.

Chérif yana nan Dantokpa da pus-pus ɗinsa. A barandar ɗakina yake kwana, don a ranar babu wanda ya yarda ya karɓe shi. Zouliha ba ta gaishe shi a hanya, amma ranar Juma'a kwanon tuwo yana zuwa ɗakina, kuma ya fi cikin mutum ɗaya. Wasu a unguwa suna cewa ɗan halak ne, ya riƙe tsohuwa ya kuma bar gida. Wasu suna cewa ɓarawo ne da aka kama hannunsa a bakin aljihu. Na taɓa tambayarsa, da ban kwance buhun nan ba, da ya faɗa? Ya ce da ya faɗa. To, haka ya ce. Abin da na gani shi ne ya dubi sandar, sannan ya yi magana. Na kuma ga ya yanke wa Inna farce watanni ba wanda ya sa shi. Duka biyun na gani.

In dila mai ƙarfe ta faɗo, ina kawo masa langa-langar. Makullin ɗakina kuwa yana aljihuna. Ranar Lahadi mukan zauna da Kamarou a baranda, Chérif yana ƙerawa, Kamarou yana gwada kukan kamyo yana ɓatawa, don wanda ya iya ba ya nan. Kwanan baya na ce masa, yanzu da ba sauran abin ɓoyewa, ya nuna mana sitiyarin. Ya ce to. Ya ɗauki murfin kwalba da ƙusa, ya dube ni, ya dubi Kamarou, ya juya baya.